Makarantar tuƙin da na yi a Jidda, da malamar da ta gane ƙafata

Tun da na karɓi ruhsar tuƙi, wato lasisi, mata uku daga unguwarmu suka zo har falona suna tambayar makarantar da na je, nawa na kashe, kuma ko ina ba su shawarar zuwa. Amsar ta fi ƙarfin zaman shayi ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan makarantar zan bar shi a cikina, domin akwai abin da zan faɗa marar daɗi, kuma ma'aikata suna sauyawa. Wadda ta ɓata mini rai bara wataƙila yau ba ta nan. Makarantar tana can arewacin Jidda, mata zalla take koyarwa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha biyu a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, mafi yawansu masu shanyewar ɓarin jiki. Na faɗi haka ne don a san da wane ido na kalli wannan makaranta. Akwai kuma abu na biyu. A azumin 2016 muna dawowa daga Umra da daddare, Abban yara yana tuƙi, wata tirela ta danna hon a bayanmu, dogon hon mai kauri, kafin mu ankara ta kwashi bayan motarmu. Allah ya tsare rayukanmu, na tsira da karaya a hannun hagu. Hannu ya ɗore cikin wata biyu. Amma daga ranar, duk inda na ji irin wannan hon, ko a kicin nake, kafaɗuna sai su ɗaga, idona ya runtse, numfashina ya tsaya. Da aka buɗe wa mata tuƙi ranar 24 ga Yuni 2018, ƙawayena na asibiti suka yi ta rajista, ni kuwa na kwashe shekara biyar ina cewa sai baɗi. Ciwon suga ne ya taɓa idon maigida, likita ya hana shi tuƙin dare, ga ni da aikin dare, ga kuɗin tasi yana cinye albashi. Dole ta sa na je.

Rajista ba ta ba ni wahala ba, ta waya na yi, na kai iƙamata, wato takardar izinin zama, da takardar gwajin ido. Jiran wuri ne ya yi tsawo, mako bakwai cur. Ginin tsaf yake, akwai wurin salla mai kyau, amma babu inda mai goyo za ta ajiye yaro, kuma na ga wata ta koma gida saboda haka. Darasin aji da Larabci ake yi. Wadda Larabcinta na kasuwa ne kawai, ba ta karanta shi, ta nemi wanda zai bi littafin alamomin hanya da ita a gida tun kafin ranar. Malamar aji ta iya bayani, ba ni da ƙorafi a kanta.

Daga nan sai motar kwaikwayo: kujera, sitiyari, totur da birki, da allo uku a gabanki. Ta amfane ni wajen sanin inda ƙafa take zama, amma minti ashirin da farawa jiri ya kama ni har da tashin zuciya. Na san dalili. Ido yana cewa ana tafiya, cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana cewa zaune ake, saƙonni biyun suka saɓa. Ba wanda ya gargaɗe mu tun farko, kuma ya kamata a yi. Kada ki shiga da ciki cike.

Matsala ta fara ne a fili, da malamata ta farko. Ta san mota, ban hana mata wannan ba. Amma tana da tsawa, kuma ƙafarta kullum tana kan birkin ɓangarenta. Kafin in yi kuskure ta riga ta taka. A rana ta uku muna zagaya robobin da ake jerawa, sai wani wayit, tankar ruwan nan da duk mazaunin Jidda ya sani, ya danna hon a bayan katanga. Idona ya rufe. Ƙafata ta ƙage inda take, a kan totur. Motar ta zabura ta ture robobi uku kafin malamar ta tsayar da ita. Ta juyo tana cewa, "Rakkizi! Ki tara hankalinki! Ina hankalinki ya tafi?" Na yi shiru, hannuna na rawa a kan sitiyari. Hankalina yana nan bai je ko'ina ba. Abin da ya faru ya riga shi isowa ne.

A nan aikina ya taimake ni, domin da ban san abin da ke faruwa ba, da ranar na ajiye tuƙi har abada. Akwai motsin da aka haife mu da shi, kamar zillon ƙafa idan likita ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa da ɗan gudumarsa. Wannan a lakar gadon baya yake kammaluwa, ba ya jiran izinin ƙwaƙwalwa. Nawa kuwa koyo na yi, a dare ɗaya. Can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai ɗan curi da likitoci ke kira amigdala. Abokan aikina Larabawa suna ce masa lauza, domin siffarsa kamar ƙwayar lauz take. Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya shafe shekaru yana bin sawun wannan a jikin ɓeraye: a kaɗa musu sauti, a biyo shi da ɗan jan lantarki a ƙafa, daga baya sautin kaɗai ya isa ya sa su sandare. Ya nuna cewa a amigdala ake ɗaura auren sautin da zafin, kuma akwai gajeriyar hanya da sauti ke bi ya isa can tun kafin sashen da ke tantance abin da aka ji ya gama aikinsa. Wanda aka lalata masa amigdala ba ya koyon wannan tsoro. To ni, tirelar 2016 ce ta ɗaura min nawa. Tsawa kuwa, ga wadda ke cikin wannan hali, ƙarin itace ne a wuta: yanzu kujerar direba ma ta fara zama abin fargaba.

Na nemi a sauya mini malama. Wannan shi ne mafi munin abin da na gani a makarantar. Sai da na je ofis sau biyu, aka ce in rubuta dalili, aka ce wadda ke sa hannu tana hutu, kwana tara ina jira. Babu wata takarda da ake tambayar ɗaliba tun farko ko ta taɓa haɗari, ko akwai abin da take tsoro. Layi ɗaya ne a fom, da ya ishe su.

Malama ta biyu ita ce dalilin da ya sa nake da ruhsa a jakata yau. Bahausa ce haifaffiyar Makka, kakanninta da ƙafa suka zo ta Sudan, Hausarta da Larabci a cakuɗe. Ta girmi 'yata ta fari da kaɗan. Ina ce mata Ustaza, tana ce mini Hajiya. Da na ba ta labarin tirela ba ta ce komai ba sai "Allah ya kiyaye gaba," sannan ta kashe motar. Minti goma na farko ba mu motsa daga inuwa ba. Ta ce in kafa dunduniyata a ƙasa, daidai gaban birki, kada ta ɗaga, kan ƙafar kawai zai riƙa juyawa daga totur zuwa birki. Duk sanda ta buga tafin hannunta a cinya, in juya. Ta buga ya fi sau hamsin. Sai da ƙwaurina ya fara zafi ta ce, "Yawwa Hajiya, yanzu ƙafar ta fara ji."

Kashegari ta zo da hon ɗin tirela a wayarta. Ta rage ƙarar sosai, kamar daga nesa. Ta ce idan na ji shi abu biyu zan yi: ƙafa ta sauka daga totur ta tsaya saman birki ba tare da ta taka ba, ido kuma ya tafi madubin tsakiya. Na tambaye ta me ya sa ba zan taka ba. Ta ce, "Hajiya, in mai hon ɗin a bayanki yake kika taka birki, ai kin ba shi bayan motarki ke nan. Ki fara dubawa." Muka yi a tsaye, muka yi muna tafiya a hankali, kullum tana ƙara ƙarar kaɗan, kuma ba ta sanar da ni lokacin da za ta kunna. Rana ta farko na runtse ido sau shida. A rana ta biyar sau ɗaya.

Ustaza ba ta taɓa jin sunan Pavlov ba, na tambaye ta. Amma abin da take yi shi ne abin da mutumin nan na Rasha ya bayyana a kan karnukansa fiye da shekara ɗari da suka wuce: a riƙa haɗa wata alama da abinci har alamar kaɗai ta sa yawu ya zubo. Kyautar Nobel da ya samu a 1904 ta binciken narkewar abinci ce, wannan aikin ya biyo baya. Shi ya ɗauka a ɓawon ƙwaƙwalwa na sama ake ƙulla irin wannan alaƙa. Sai a farkon shekarun 1980 Richard Thompson da ɗalibansa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka kama wani irin koyon a inda ba a zata ba. Zomaye suka yi amfani da su: a kaɗa sauti, a hura wa zomo iska a ido, ya ƙifta. Bayan maimaici mai yawa zomon yana ƙiftawa da jin sautin, kuma daidai lokacin da iskar za ta iso. Da suka lalata wani ɗan wuri a cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda Larabawa ke kira mukhaikh, ƙiftawar da aka koya ta ɓace ƙurmus. Amma in aka hura iskar, zomon yana ƙifta ido kamar da. Wanda aka haife shi da shi yana nan, wanda ya koya ne ya tafi.

Wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya abin mamaki ce. Nauyinta kusan kashi 10 ne cikin ɗari na dukan ƙwaƙwalwa, amma daga cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke kan ɗan Adam, kusan biliyan 69 a cikinta suke. Ita ke auna lokaci da ƙarfin motsi. Na sha ganin wanda jini ya toshe masa a wurin: ƙarfinsa yana nan, amma in ka ce ya taɓa hancinsa da yatsa sai hannun ya wuce ko ya gaza, yana tangaɗi kamar jirgin ruwa. Kuma da kuskure take koyo. Akwai wasu zaruruwa da ke hawowa daga tushen ƙwaƙwalwa suna nannaɗe manyan ƙwayoyinta, waɗanda ake kira da sunan Purkinje, suna kai musu rahoto duk sanda abin da ya faru ya saɓa da abin da aka yi tsammani. Masao Ito na Japan da abokan aikinsa suka nuna a 1982 cewa wannan rahoto yana rage ƙarfin mahaɗar da ta yi aiki a lokacin. Haka ake gyara motsi kaɗan-kaɗan.

Shi ya sa nake ganin babban bambancin malaman nan biyu yana ƙarƙashin ƙafarsu ta dama. Ta farko tana taka birkinta kafin in yi kuskure, don haka jikina bai taɓa jin sakamakon abin da ya yi ba. Ustaza kuwa, muddin fili babu kowa, sai ta bar ni in taka da ƙarfi motar ta yi tsalle, bel ya shaƙe ni, jakarta ta faɗo daga kujerar baya. Ba ta ce uffan. Sai ta ce, "Mu sake." A karo na gaba ƙafar da kanta take sassautawa. Sau biyu kacal ta taka nata birkin a duk zamanmu, kuma duka biyun akwai wata mota a gabanmu.

Wani abin da ta dage a kai shi ne jeri. Kujera, madubi, bel, birki, giya, sigina, waiwaye ta kafaɗa, kullum a haka, ba a tsallake ba a juya. Ranar da na sa bel kafin gyara madubi ta sa na fita daga motar na sake shiga. A lokacin na ji abin ya yi yawa. Amma akwai wasu curarrakin jijiya a gindin ƙwaƙwalwa da ke ɗaure jerin ayyuka su zama dami ɗaya. Ann Graybiel ta jami'ar MIT da ke Amurka ta auna su a ɓerayen da ke koyon wata hanya zuwa abinci: da farko ƙwayoyin suna aiki tun daga farkon gudu har ƙarshe, da hanyar ta zama jiki sai aikinsu ya tattaru a wurin tashi da wurin isa. Duk wadda ta iya tuƙa tuwo ko ɗaurin kallabi ta san wannan, hannu yana yi baki yana hira. Sai dai damin ba ya ɗauruwa in kullum ana sauya tsarin itacen.

Akwai wani dattijo da muka yi jinya a sashenmu, mantuwa ta ci shi har ba ya gane 'ya'yansa. Amma in na kawo masa buta da kwano, sai ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, ya bi alwalarsa daki-daki ba kuskure, yatsunsa kuma ba sa rabuwa da jan carbi. Shi nake tunawa duk sanda na karanta labarin Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya aka cire masa sashen da ke ajiye sababbin abubuwan da suka faru. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa yana ƙara ƙwarewa, kullum kuma bai san ya taɓa yi ba. Rumbun labari daban, rumbun iyawa daban. Na ci jarrabawar aji da maki mai kyau tun makon farko, amma wannan bai saukar da ƙafata daga totur ba ko da taƙi ɗaya.

Ƙorafina biyu da suka rage a kan tsari ne. Na ɗaya, suna sauya mota ba tare da sanarwa ba. Yau birki mai laushi, gobe mai tauri, sai minti goma na farko su tafi wajen sake sabawa. Ga wadda ta yi nisa wannan yana da amfani, ga sabuwa asarar kuɗi ne. Na biyu, ofis ya so ya cusa mini awa huɗu a rana ɗaya don in gama da wuri a ba wata wurina. Ustaza ce ta raɗa mini in ƙi, in karɓi awa biyu-biyu da kwana a tsakani. Gaskiyarta. Iyawar hannu da ƙafa tana ƙara zama bayan barci, kuma na gani a kaina: fakin na baya da ya gagare ni ranar Litinin, ranar Laraba ya shiga a karo na biyu. Darasin da na je kai tsaye daga aikin dare kuwa, kuɗinsa kawai na zubar. 'Yan uwana masu aikin dare, kada ku yi.

Na ci gwajin a zama na farko. Duk da haka na biya ƙarin awa huɗu, riyal ɗari kowace awa, don mu fita titi na gaske, domin yawancin awannin makarantar a cikin katanga suke ƙarewa. Wannan kuɗi ban yi da-na-sanin sa ba. Tsoron da aka koya ba gogewa yake ba. Sashen da ke bayan goshi ne yake koyon sabon darasi ya danne shi, kuma sabon darasin yana manne da wurin da aka koye shi. Pavlov da kansa ya ga yawun da ya ɗauke yana dawowa bayan an huta. Hon ɗin waya a inuwar makaranta daban, tirela ta gaske tana cika madubinki a hanyar Haramain daban. Ustaza ta kai ni shataletale uku masu cunkoso, ta kai ni kudu wajen tashar jiragen ruwa inda manyan motoci ke jerin gwano, ta sa na bi bayansu na kuma bari suka bi bayana.

Wata uku bayan haka, ƙarfe goma da rabi na dare, ina hanyar asibiti ni kaɗai, wata tirela ta danna mini shi, irin na 2016 sak. Kafaɗuna suka ɗaga, zuciyata ta buga har a maƙogwaro. Amma idona a buɗe yake, yana kan madubi, ƙafata kuma na same ta saman birki ban san lokacin da ta je ba. Na sa sigina na koma layin dama ya wuce. Da na isa na zauna minti biyar a mota ina hamdala kafin hannuna ya daina rawa.

To ga masu tambaya: makarantar tana da mota mai kyau, fili mai faɗi da aji mai tsari, kuma yarinyar da ba ta da wani tabo a zuciya za ta fito da ruhsa ko da wace malama aka haɗa ta. Wadda ta taɓa haɗari, ko ta haura arba'in kamar ni, ta faɗa da bakinta tun ranar farko, kada ta jira a tambaye ta. In malama ta fara tsawa, ta nemi sauyi a darasi na biyu, ta kuma shirya wa zirga-zirgar ofis. Ta ware kuɗin ƙarin awa na titi tun daga farko, ta lissafa shi cikin kuɗin makaranta.

Abu ɗaya ba su koya mini ba ko kaɗan, shi ne tuƙi a ruwan sama. Duk wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 ko ta Nuwamban 2022 ya san yadda titunan Jidda ke zama, kuma ƙafata birkin busasshiyar kwalta kawai ta sani. Na roƙi Ustaza awa biyu a ranar da aka yi yayyafin farko na bana. Ta ce in kira ta da zarar hadari ya haɗu ta wajen teku.